Yadda Na Saukar da Damina a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na saukar da damina a tsakiyar rani ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Mayahi ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa kasuwa sai wani dattijo ya ɗago hannu daga rumfarsa ya ce, "Mai Damina, yaushe za ka sako muna ruwa?" In yi yaƙe in ƙara sauri. Yaran da suka taso yanzu sun ɗauka wani laƙabi ne na albarka, wataƙila ranar ruwa aka haife ni. Ina! Gara ku ji daga bakina, don masu ba da labarin sun fara zuba masa gishiri fiye da kima.

Shekarar nan ce da sama ta yaudare mu. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, aka yi noman farko, gero ya tashi har gwiwa, sai hadari ya ɗauke ƙafa. Kullum da la'asar gabas ta yi baƙi, mu fito muna kallo, iska ta zo ta kwashe komai ta yi yamma da shi. Wanda ya saba cika rumbu biyu, a wannan shekarar bai rufe gindin ɗaya ba. Da rani ya kankama sojoji suka karɓi mulki a Yamai, kuma kalmar yunwa, wadda a da sai a ɗaki ake faɗarta, aka fara jin ta a rediyo. A ƙauyuka mata sun koma jiƙa anza, 'ya'yan wani icen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa wa yara a baki.

Ni a lokacin sakatare ne a wani ƙaramin froje, wato shirin agaji, mai taimakon manoma. Ɗaki uku, babur biyu, kwamfuta ɗaya (mu dai ordinatar muke ce mata), kuma ni kaɗai ke taɓa ta. Shef ɗinmu, shugaban froje Mushe Sha'aibu, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutumin kirki, amma tsoron na'urar yake kamar za ta cije shi. Shi zai rubuta rapor, wato rahoton aiki, da hannu, ni in buga. Wannan ya sa kaina ya kumbura. A tsakanin Mayahi da garin Sarkin Hausa ban ga wanda ya fi ni sanin zamani ba, kuma ban nemi ganinsa ba.

Sai maganar Hasiya, yarinyar da nake nema da aure. An kai gaisuwa gidansu, a wani ƙauye can gefen Kanan-Bakashe, an sa biki bayan kaka. To kaka ba ta zo ba, biki zai zo da wa? Mahaifinta, Malam Isuhu, ya aiko cewa a dakata. Bayan wata biyu kuma labari ya iso mini ta bakin gwaggona cewa in taimako bai shigo garinsu ba kafin faɗuwar ruwa, zai kwashe iyalinsa duka su gangara Nijeriya wurin ƙanensa. Na san irin wannan tafiyar. Namiji shi kaɗai in ya tafi cin rani yakan dawo. Amma wanda ya ɗaure tukunya da tabarma da mata da yara a kan amalanke, ba kowa ake sake gani ba.

Kuma ba ni da bakin magana. Malam Isuhu surukina ne mai jiran gado, tsakanina da shi sai kunya. In na hango shi a hanya sai in sauka daga babur, in tuɓe takalmi, in durƙusa, kaina a ƙasa har ya wuce. Shekara guda ina neman 'yarsa, na fi sanin yatsun ƙafarsa a kan fuskarsa. Hasiya kuwa sai in yi mako uku ban gan ta ba, don man babur na froje ne, ba na zance ba. Ina kewarta. Ba ni da wata kalma mai ado da zan faɗa, kewarta nake, har in tsinci kaina na buga sunanta a tsakiyar rapor in yi maza in goge.

A cikin wannan hali ne na je Tasawa wurin abokina Lawali, mai gyaran kwamfuta da zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Ya dube ni ya ce na rame. Ya ce yana da magani. Ya zuba mini wani wasan tseren mota a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce in je in huce haushina a kan titin Turawa.

Da na sa wasan a na'urar biro, wato ofis ɗinmu, tun ranar farko na gane ba tseren ne ya kama ni ba. Akwai wata hanya a ciki da ta ratsa tsakanin tuddai, ga ciyawa hagu da dama, ga ruwan sama yana zuba ba ƙaƙƙautawa. In Mushe ya tafi gida cin abincin rana, sai in tura ƙofa in kunna. Sauran motoci su tashi da gudu su bar ni. Ni kuwa in ja tawa a hankali, in sami gefen hanya in tsaya, in ƙara murya kaɗan. Ruwa na bugun rufin mota, abin share gilashi na kai da kawowa, ni ina zaune a Mayahi zufa na ɗiga daga haɓata. (Ina jin ni kaɗai ne a duniya da ya yi wata guda yana wasan tsere bai taɓa kai ƙarshen hanya ba.) A raina nakan ce ga Hasiya nan a kujerar gefe, mun taso daga biki, ruwa ya tare mu, ba ma sauri.

Abu biyu suka dame ni. Na farko hoton yana tsinkewa, motar tana tafiya tana ɗingishi. Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, ciyawar ba kore ba ce yadda nake so. Wata irin rawaya-rawaya ce, kamar ta fara jin ƙishi. Haba! Wannan launin ai shi na gudo daga gare shi.

Na kira Lawali. Ya ce, "Pilot ɗinka ne ya tsuhwa." Ya yi mini bayani cewa akwai wani ɗan tsari a cikin na'ura da ake kira haka, shi ne direban hoto, shi ke gaya wa gilashi abin da zai nuna da yadda zai nuna shi. Ya aiko mini da sabo ta hannun mai motar kasuwa. Na sa, na kira shi, yana faɗa ina dannawa. Muka rage inuwa, muka rage girman hoto kaɗan, muka kunna wani abu mai goge kaushin gefen itatuwa. Nan take motar ta daina ɗingishi, ta koma tafiya sumul. Na ce saura launi.

"Akwai shahin launi," in ji Lawali, "amma ka ji ni da kyau. Wancan ba na wasa kaɗai ba ne, na ordinatar ɗin ne gaba ɗai. Kahin ka taɓa komi, ka rubuta lambobin da ka iske. In ka gama wasa ka maida su."

Na ce, "Lawali, ni hwa kake gaya ma haka?"

Ya ce, "Kai ɗin dai."

Ban rubuta komai ba. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na rataya nawa har ina taƙama da shi.

Shafin yana da wasu 'yan sanduna da ake ja dama ko hagu. Ɗaya ta haske, ɗaya ta kaifin baƙi da fari, ɗaya ta ƙarfin launi, ɗaya kuma mai karkata launin kansa, ta maida ja ya yi rawaya, rawaya ta yi kore. Kwana uku na yi a kan sandunan nan biyu na ƙarshe. In ja kaɗan, in shiga wasa in duba, in fito in ƙara. Ba kowane kore nake nema ba. Koren gero nake so bayan maimai, da safe, ruwa ya kwana yana zuba, wanda in ka tsaya a bakin gona har baƙi-baƙi yake yi don ƙoshi. Irin wanda nake gani a gonar babana ina yaro, in na kai musu fura. Rana ta uku na same shi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na zauna ina kallon tuddan nan har na ji tarin Mushe a bakin ƙofa.

Kada ku ce yaya aka yi ban lura da komai ba a wurin aiki. Aikina baƙin rubutu ne a kan farar takarda, kuma fari da baƙi ba ruwansu da sandunan launi. Sai na ɗauka gargaɗin Lawali surutu ne na masu son a ce sun sani.

Rana ta huɗu Mushe ya shigo yana sauri, hularsa a karkace. Ya ce gobe misiyo, wato tawagar baƙi, za ta zo daga Yamai, masu raba hatsi ne, kuma hatsin ba zai isa kowa ba. Za su zaɓi garuruwan da suka fi ƙonewa, su rubuta, su wuce Tasawa a ranar. Ya aika a kira dattawan garuruwa biyar da muke aiki da su. Ya ce in shirya hotunan gonakin da muka ɗauka a ƙarshen damina. Ni da kaina na ɗauke su, na san abin da ke ciki, gero ne ya bushe a tsaye bai fidda kai ba. Don haka ban ma buɗe su ba. Na dai goge ƙurar gilashi, na sa rigata mai kyau, don na ji a cikin dattawan da za su zo har da Malam Isuhu.

Washegari da hantsi ɗakin taro ya cika. Dattawa a kan tabarma, baƙi a kan kujeru. Shugabar misiyon wata mata ce mai tabarau, kowa Madam yake ce mata, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da wulaƙanci. Tare da ita akwai wani kapitan na soja, don a lokacin ba a yin taro babu mai kaki a gefe. Ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa. Na juyo da gilashin kwamfuta ya fuskanci jama'a. Malam Isuhu yana can kusa da bango, ni kuma na kafa idona a kan linzamin na'ura kamar yau na fara ganinsa.

Mushe ya miƙe ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya yi da Faransanci, ya maimaita da Hausa. Ya ce gonaki sun ƙone ƙurmus, ko akuya ta shiga sai ta fito da yunwa. Ya rufe da cewa, "Ba sai na cika ku da magana ba. Gani ya kori ji. Sakatare, nuna masu."

Na danna.

Jama'a, gona ta fito kore shar. Ba kore na wasa ba, koren nan nawa, wanda na yi kwana uku ina nema. Busasshen gero ya koma kamar an yi masa ruwa jiya. Yashin da ke tsakanin kunya da kunya ya yi kamar ciyawa ta rufe shi.

Madam ta sauke tabarau ta sake maida shi. Kapitan ya buɗe baki a karo na farko, ya ce, "Wannan ita ce wadda ta ƙone?"

Mushe ya ce, "A'a, an yi kuskure ne. Sakatare, wuce gaba."

Na wuce gaba. Ta biyu ta fi ta farko kyau. Ta uku kuwa, da a ce mai sayar da taki ya gan ta, da ya roƙe ni ita ya manna a shagonsa. Tun a hoton farko na gane abin da ya faru. Amma me zan ce? In miƙe gaban shef, gaban soja, gaban mahaifin Hasiya, in ce wasan yara nake yi da kayan aiki alhali mutane na cin anza? Na zaɓi hanyar matsorata. Na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "Wataƙila biris ne ya shiga na'urar." (Allah ya jiƙan biris, ƙwayar cutar kwamfuta. Ba a taɓa ɗora wa wani abu laifin da bai yi ba kamarsa.)

Madam ta rufe littafinta, ta maida murfin alƙalami. Ta ce, "Mushe, mun baro garuruwan da ko kara babu a gonakinsu. Ba zan ɗauke abincinsu in ba masu irin wannan gona ba." Mushe ya zama kamar an watsa masa ruwan sanyi. Mutumin da bai taɓa cin ko ƙwayar geron froje ba, yau ana duban sa kamar maƙaryaci.

Sai na ji motsi daga wajen bango. Malam Isuhu ne ya miƙe, ya tako a hankali har gaban gilashin, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Hoto na huɗu ne a buɗe.

Ya ce, "Wagga gonata ce. Ga gawon da ubana ya bari, ga tudun tururuwa. Amma akwai abin da ban gane ba." Ya nuna da yatsa. "Ku manoma ne duka. Wa ya taɓa ganin gawo da gero sun yi kore lokaci guda? Gawo da damina tsirara yake kwana, sai ruwa ya ɗauke yake sa riga. Ga shi nan kuwa, ba ganye ko ɗaya, amma rassansa sun yi kore kamar ɗanyen kara."

Dattawa suka matso. Ɗaya ya ce, "Wallahi haka ne."

Malam Isuhu ya sauke yatsansa ƙasa kaɗan. "Kuma waccan akuyata ce. Ja ce, kowa ya san ta. Yaushe ta koma kalar ɗorawa?"

Aka fashe da dariya, har kapitan. Ni ma na ji sanyi ya ɗan ratsa ni, na ce shi ke nan, dattijo ya fidda mu, biris zai ɗauki sauran. Ashe tsugunne ba ta ƙare ba. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, na yarda da kai, na'urar tana ƙarya. To in tana ƙarya, ba zan iya dogara da ko hoto ɗaya daga cikinta ba. Za mu ajiye dosiyenku, takardunku duka, gefe har a samu mai gyara daga Maradi ya duba. Mu yau za mu wuce." Ta sa littafin a jaka.

Kowa a ɗakin ya san ma'anar a ajiye gefe. Kafin mai gyara ya zo, an gama rabo. Na dubi jakar nan, sai na ga amalanke, na ga tabarma a naɗe, na ga Hasiya a zaune a kai ta juya baya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na miƙe.

Na ce, "Madam, ba biris ba ne. Ni ne."

Aka juyo gaba ɗaya. Na yi bayani ina in'ina. Na ce akwai wani wasa da nake yi da rana, ciyawar cikinsa ba ta yi mini kore ba, sai na shiga wurin direban hoto na karkata launi, kuma abin ya shafi na'urar duka. Na ce yanzu zan iya maida shi. Mushe ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Wasa? A biro? Da wutar kuran ɗin froje?" Ban yarda na kalli inda Malam Isuhu yake ba, amma ina jin tsayuwarsa a gefena kamar zafin murhu.

Na kai hannu zan gyara, kapitan ya ce, "Dakata. Mu ga wasan tukuna."

Da a ce ya ce a kai ni bariki a yi mini aski da kwalba, da ya fi mini sauƙi. Amma soja ya yi magana. Na kunna. Motata ta fito a inda na bar ta jiya, a gefen hanya, tsakanin tuddai. Kuma da yake ban rage murya ba, ƙarar ruwan sama ta cika ɗakin.

Na zaci za a yi dariya. Ba wanda ya yi. Dattawan nan da suka yi wata bakwai ba su ji wannan ƙarar ba suka kasa kunne, wani har ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufi. Ruwa yana zuba, abin share gilashi yana kai da kawowa. Can wani tsoho mai farin gemu ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, wace ƙasa ce wagga?"

Na ce, "Ƙasar Turawa ce, Baba."

Ya ƙura ido, ya duba hagu, ya duba dama. Ya ce, "Duk wanga ruwa, kuma ba su shuka komi ba?"

Nan ne dariyar ta ɓarke, irin wadda take sa mutum share ido. Kapitan ya ce, "Kai kuma me ya sa ba ka gudu kamar sauran motocin?" Na ce, kaina a ƙasa, "Ruwan nake saurare."

Na rufe wasan, na buɗe hoton gonar Malam Isuhu, na buɗe shafin launi a gefensa. Lambobin da Lawali ya ce in rubuta ba ni da su, amma Allah ya taimake ni akwai wani maɓalli mai maida komai yadda kamfani ya sako shi. Na danna. A gaban idon kowa koren ya zube. Geron ya koma fari-fari a tsaye, yashi ya koma yashi, akuya ta koma ja, kuma sai a lokacin aka ga haƙarƙarinta a waje. Dattawa suka yi salati a tare, kamar yanzu gonar ta mutu a gabansu. Madam ta sa na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. Ta ciro littafinta daga jaka, ta cire murfin alƙalami, ta tambayi sunan kowane gari ta rubuta.

Da aka kira azahar kowa ya fita alwala. Mushe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Ni da kai sai gobe," da irin muryar da yake yi wa 'yan lakwal. Na zauna ni kaɗai ina tunanin inda zan sa kaina. A raina na gama sallama da Hasiya. Wane uba ne zai ba da 'yarsa ga ƙaton da ya kusa hana gari abinci saboda ciyawar Turawa?

Sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Malam Isuhu ne ya dawo. Na zame daga kujera na durƙusa. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya zauna a kujerar da Madam ta tashi, ya fuskanci gilashi, ya yi magana kamar da bango yake.

"In mai injin bai gaji ba, a maido mani ita yadda take ɗazu."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na rarrafa na miƙa hannu, ina durƙushe, na ja sandar ƙarfin launi, na ja mai karkatawa, a hankali, har koren ya dawo. Gonarsa ta sake tashi. Ya sa hannu biyu a gwiwa ya zuba mata ido. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, na dai ji an tada salla a masallaci ba mu motsa ba.

Can ya ce, "Haka take shekarar da anka haihi yarinyar nan. Sai da munka ara rumbu."

Sannan ya share fuska da hannun riga ya miƙe. "To, a kashe. Gani ba ci ba." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, har yanzu bayansa nake gani. "Wanda ya iya tashi cikin mutane ya ce ni ne, ba a hana shi mata. Amma a rage wasa." Ya sa takalmansa ya tafi masallaci.

Hatsi ya iso garinsu kafin faɗuwar ruwa. Bai ƙosar da kowa ba, amma ya hana a ɗaura tukunya a kan amalanke. Mushe ya goge wasan da hannunsa, wato ya tsaya a kaina na goge, kuma wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da hanci. Lawali da ya ji labari ya yi dariya har ya faɗo daga benci, sannan ya ce, "Na ce ka rubuta." Bayan kaka ta gaba aka ɗaura aurena da Hasiya. A wurin ɗaurin auren ne tsohon nan mai farin gemu ya hango ni ya ce, "Ga Mai Damina nan!" Kafin a raba goro sunan ya zagaye gari.

Malam Isuhu ya rasu shekarun baya, Allah ya yi masa rahama. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, kuma bai sake tada maganar ranar nan ba. Hoton gonar yana nan a wurina, amma busasshen ne, don koren bai taɓa shiga cikin hoton ba, a gilashi kawai ya tsaya. Tsohuwar na'urar ta mutu tuni. Na gwada a wasu, na ja sanduna dama da hagu, ban sake samun wancan koren ba. Wani lokaci ina ganin ba koren nake nema ba, zaman nan nake nema, ni a durƙushe, shi a kujera, muna kallon abu guda.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. In mai gyara ya ce ka rubuta lamba, ka rubuta. In kuma za ka yi wa duniya fenti don ranka ya yi sanyi, ka wanke ta kafin manya su shigo, musamman in surukinka na cikinsu. Sai dai har yanzu duk shekarar da ruwa ya yi jinkiri, muka fito tsakar gida muna kallon gabas, Hasiya takan taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Mai Damina, ba ka ja muna 'yar sandar nan ba?" In yi dariya, yara su yi dariya. Amma wallahi da tana jawuwa, da tuni na kai ta ƙarshe.